Kayen baƙo a ƙasar Kutus

A kowace shekara, idan damina ta ja baya, watan Oktoba ya kama, akan ga sababbin fuskoki a tashar motar Gure. Ga mushen lakkal da aka turo daga Maraɗi, ga malamin asibiti ɗan Dosso, ga malamin dabbobi daga Tawa, kowa da akwatinsa da katifarsa a naɗe, da takardar kama aiki a aljihu. Dukkansu suna jiran motar da za ta haura da su arewa, zuwa Kelle, a ƙasar Kutus mai duwatsu. A gefensu kuma ga fatake daga Damagaram da Matamaye, waɗanda suka san hanyar tun da daɗewa, masu kai atamfa da sukari da shayi, su komo da awaki da tumaki da raƙuma.

Ranar kasuwa, baƙon ba ya jin ya bar gida, domin da Hausa ake yawancin ciniki. Amma da ya shiga cikin unguwa, ko ya tsaya bakin rijiya, ko aka kawo masa tsohuwa marar lafiya daga ƙauye, sai ya tarar da wata duniya dabam. Harshen gida a Kelle Barbarci ne, irin na mutanen Dagira, ƴan uwan Mangawa. Ban da su akwai Tubawa da Fulani da Buzaye masu kiwo, kowane da bakinsa. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. A nan sai a ƙara da cewa kurma ne ko da yana da kunne.

Duk da haka mutum ba dutse ba ne. Kafin shekara ta kewayo ya iya gaisuwa, ya iya ƙirga, ya san kalmar da ke sa dattijo murmushi da wadda ke sa shi tsuke fuska. Bayan shekara uku ko huɗu yana bin zance, har yakan sa baki. Ana nan sai takardar canjin wuri ta iso daga Yamai. Ya naɗe katifarsa, ya yi sallama, ya tafi da abin da ya koya a cikin ka. Bayan shekara biyar, in aka tambaye shi, ba abin da ya rage sai kalma goma da labarin dariya biyu. Wanda ya canje shi kuwa daga farko zai soma, ya sake yin kurakuran da aka riga aka yi, ya sake ɓata wa mutanen da aka riga aka ɓata wa rai. Wannan asara ce da ba ta fitowa a kasafin kuɗin kowace ma'aikata, amma ƙasa tana yin ta kowace shekara. Maganinta bai fi kaye mai shafi ɗari da bik guda ba.

Baƙi biyu a kan hanyar Gure

A cikin watan Disamba na shekarar 1852, wani ɗan ƙaramin ayari ya sauka a Gure, wadda a lokacin ita ce hedikwatar sarkin Muniyo, Muniyoma Koso, a ƙarƙashin Shehun Barno. Shugaban ayarin Bajamushe ne mai shekara 31, sunansa Heinrich Barth, amma a ƙasashen nan da Abdulkarim aka san shi. Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi tare da wasu Turawa biyu, sun taso daga Tarabulus a 1850. Kafin ya zo Gure duka abokan tafiyarsa sun rasu: James Richardson a watan Maris na 1851, Adolf Overweg kuma a watan Satumba na 1852, a bakin tafkin Cadi. Ya bar Kukawa ranar 25 ga Nuwamba, ya ratsa ƙasar Manga da Muniyo, ya shiga Damagaram ranar 25 ga Disamba, a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Sakkwato da Tumbutu.

Abin da ya bambanta Abdulkarim da sauran matafiya na zamaninsa shi ne ƙananan kayensa. Duk inda aka yada zango, kafin ya kwanta, sai ya rubuta abin da ya gani a ranar: sa'a nawa aka yi ana tafiya, wace fuska aka nufa, sunan kowane ƙauye da kowace rijiya, abin da ake nomawa, abin da ake sayarwa a kasuwa da kuɗinsa. A gefe kuma yana jera kalmomi. Ya zo da Larabcinsa, ya soma tsintar Hausa tun a ƙasar Abzin daga bakin ƴan ayari, ya koyi Barbarci a Kukawa, daga baya ya ƙara da Fulatanci da harshen Sonrai da na Buzaye. Ba shi da malami sai masu jan raƙumi da barori da fatake da malaman zaure. Yakan tambayi sunan abu, ya rubuta, gobe ya sake tambayar wani mutum dabam don ya gwada.

Da ya koma Turai a 1855, bayan fiye da shekara biyar yana tafiya, waɗannan kaye suka zama littafi mai juzu'i biyar, shafi kusan 3500, wanda aka buga da Jamusanci da Ingilishi a 1857 da 1858. Daga 1862 zuwa 1866 kuma aka fitar da tarin kalmominsa na harsuna tara, cikinsu har da Hausa da Barbarci da Tubanci da Fulatanci. A nan ne ya nuna cewa Barbarci da Tubanci dangin juna ne, maganar da masana harsuna suka tabbatar daga baya. Mai saye da sayarwa a Kelle, wanda ke jin harsunan biyu a rumfa guda, yana iya gwada wannan da kunnensa. Barth ya rasu a Balin a 1865 yana da shekara 44. Har yau ɗalibin tarihi a jami'ar Yamai ko ta Damagaram, in yana son ya san yadda Gure take kafin zuwan Faransawa, sai ya buɗe littafin wannan baƙo da bai yi ko wata guda a ƙasar Muniyo ba.

To, amma a cikin wannan ayari akwai wani baƙo na biyu, wanda ba kowa ya kula da shi ba a ranar. Yaro ne Bahaushe da bai fi shekara goma sha biyu ko sha uku ba, ana ce da shi Dorugu. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance, a ƙasar Damagaram. An kama shi yana ƙarami a wani hari, ya faɗa cikin bauta, aka kai shi har Kukawa. A can Overweg ya fanshe shi, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu, sai Abdulkarim ya ɗauke su. Suka bi shi zuwa Tumbutu, suka komo Barno, suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa mai hayaƙi zuwa Malta da Marsai, suka hau jirgin ƙasa zuwa Paris, suka isa Landan a watan Satumba na 1855. Daga baya ya kai su garinsu, Hambug.

A Ingila yaran suka haɗu da wani ɗan mishan Bajamushe, James Frederick Schön, wanda ya taɓa zuwa kogin Kwara a 1841, ya kuma buga ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843. Schön yana da tasa bukata: yana son ya juya Linjila da Hausa, kuma ba shi da wanda zai gyara masa harshe. Ya riƙe yaran, duk da Abdulkarim ya so a mai da su gida. Abbega ya komo a 1857, daga baya har ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu ya zauna shekaru a gidan Schön, ya koyi Ingilishi da karatun boko, yana faɗa Schön yana rubutawa: tatsuniyoyi, karin magana, da labarin rayuwarsa tun daga Dambanas har Landan. Da taimakonsa aka yi nahawun Hausa na 1862 da ƙamus na 1876, sannan a 1885 aka buga littafin Magana Hausa, inda labarin nasa yake.

Wanda ya karanta wannan labari zai ga abin mamaki: madubi ya juya. A littafin Barth, Bature ne ke kallon mutanen Barno da ƙasar Hausa. A labarin Dorugu, yaron Damagaram ne ke kallon Turawa, yana bayyana jiragensu da garuruwansu da yadda suke zama cin abinci a tebur, daki-daki, da Hausa mai sauƙi, kamar yana ba abokansa labari a dandali. Bai raina su ba, bai kuma rusuna musu ba. Ya komo Afirka a 1864, ya ƙare rayuwarsa a Kano, inda ya koyar a makarantar boko ta Ɗan Hausa a Nasarawa, ya rasu a 1912. A 1971 wasu masana biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka sake fitar da labarinsa da Ingilishi a Amurka.

Dubban yara irin Dorugu ne suka ƙetare Sahara a wancan ƙarni, wasu sun kai Tarabulus, wasu Masar, wasu Istanbul. Sun koyi harsuna, sun ga al'adu, sun san abin da babu wanda ya sani a garuruwansu. Ba a san ko sunayensu ba. Dorugu bai fi su basira ba lalle. Abin da ya fi su shi ne maganarsa ta hau takarda. Haka Barebari suke da nasu: Ali Eisami, mutumin Gazir, wanda bauta ta kai shi Saliyo a 1818. Daga bakinsa wani ɗan mishan, Sigismund Koelle, ya rubuta nahawun Barbarci da tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa, aka buga a 1854. Ke nan, a ƙarni na 19, Bahaushe da Babarbare duk sun ba da labarin kansu, amma alƙalamin yana hannun wani.

Mai alƙalami shi ke da labari

Wannan batu na alƙalami ba ƙarami ba ne. Daga 1906 zuwa 1909 Faransa ta aiko da tawagar Kyaftin Jean Tilho domin ta ja iyaka da Ingilishi tsakanin kogin Kwara da tafkin Cadi, iyakar da ta raba Nijar da Najeriya a yau. A cikin tawagar akwai hafsan tafinta mai suna Moïse Landeroin, wanda ya ji Larabci da Hausa. Ya bi fadoji yana tambayar sarakuna da dattawa asalinsu da jerin sarakunansu, har da na Damagaram da Muniyo da Kutus, yana cika kaye. Shi da Tilho suka buga nahawun Hausa da ƙamus. Bayan fiye da shekara ɗari, idan gardama ta tashi a kan sarauta ko asalin gari a wannan yanki, sau da yawa rubutun Landeroin ake ɗaukowa. Dattijon da ya ba shi labarin ya yi magana ne a gaban hafsan sojan da ya ci ƙasarsa da yaƙi, kuma kowa ya san irin maganar da ake yi a irin wannan zama: wani abu a faɗa, wani a haɗiye. Amma abin da aka faɗa ɗin nan shi ya tsaya, domin shi aka rubuta.

Ƴan ƙasa sun yi nasu ƙoƙari bayan samun mulkin kai. André Salifou ya buga tarihin Damagaram a 1971, Maikorema Zakari ya rubuta na Mangari, cibiyar CELHTO ta Yamai ta naɗi muryoyin masu tarihin baka da yawa. Sai dai masanin tarihi yakan zo ne na mako biyu da na'urarsa. Mushen lakkal kuwa shekara huɗu yake yi a garin, yana cin tuwon mutane, yana zuwa sunansu da jana'izarsu. Falke yana zuwa kasuwa guda shekara talatin. Su ne suka fi kowa ji da gani, su ne kuma ba sa rubuta komai.

Kada wani ya ce ai riƙe kaye ɗabi'ar Nasara ce. Tun kafin Barth ya zo duniya, malaman Barno suna rubuta fassarar kalmomi da tsohon Barbarci a tsakanin layukan Alƙur'ani da gefen shafi, kuma akwai irin wannan kwafi mai ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1669. Wannan shi ne kayen mai koyon harshe, ba wani abu ba. Kowane malami yana da kundinsa a gafaka. Kowane ɗan kasuwa yana da littafin bashi, da boko ko da ajami, kuma ba ya yarda ya kwana bai shigar da dala biyar da ya ba da ba. Masana harshe, tun daga Joseph Greenberg a 1960, sun ma nuna cewa kalmomin karatu da rubutu ta hanyar Barbarci suka shigo Hausa, haka nan kasuwa, da sarautu irin su galadima da ciroma da yarima da kacalla. Bahaushen da ya buɗe kaye a Kelle yana rubuta Barbarci, tsohon bashi ne yake biya.

Me za a zuba a cikin kayen?

Abu na farko, kwanan wata da wuri da irin mutumin da ya faɗi maganar: tsohuwa ce a bakin rijiya, ko dillali a kara, ko yaro a aji. Kalma ba tare da wurinta ba kamar kuɗi ne da aka shigar a littafi ba a sa sunan mai bashi ba. Ƙamus zai gaya wa mai koyo cewa a Barbarci wushe sannu ce, kǝlewa lafiya, nji ruwa, fato gida, argǝm gero, indi biyu, uwu biyar, mewu goma. Amma babban ƙamus ɗin da Norbert Cyffer da John Hutchison suka fitar a 1990 a kan bakin Yarwa, wato Maiduguri, aka gina shi. Bakin Dagira da na Manga suna da nasu lafazi da nasu kalmomi, kuma abin da aka rubuta a kansu kaɗan ne. Duk wurin da kunnen mai kaye ya ji saɓanin abin da ke cikin ƙamus, kada ya gyara wa mutanen gari harshensu. Ya rubuta yadda ya ji, domin wannan saɓani shi ne abin da babu a ɗakin karatu na Yamai ko na Paris.

Abu na biyu, jimla sukutum ta fi kalma tilo. Barbarci yana ajiye aikatau a ƙarshen zance, ba kamar Hausa da Faransanci ba, don haka wanda ya haddace kalmomi ɗari biyar yana iya kasa ƙulla magana guda. Gara ya rubuta tambaya da amsarta kamar yadda suka fito. Malamin asibiti ya tara yadda ake cewa ina ke ciwo, tun yaushe, sau nawa za a sha magani a rana. Malamin dabbobi ya tara sunayen cututtuka da na ciyayi da na shekarun raƙumi. Ɗan kasuwa ya tara maganar taya da ta albarka da ta sallamawa, da yadda ake ƙirga kuɗi, domin inda ake lissafi da dala, kuskuren kalma guda yana ninka farashi sau biyar. Ya kuma sa kunne ga tsofaffin sunayen kuɗi, irin su gursu, wadda a Barno ta dā take nufin babbar azurfar nan da fatake ke yawo da ita.

Abu na uku, ya rubuta kurakuransa, ba tare da jin kunya ba. Ranar da aka yi masa dariya, ya tambayi dalili, ya shigar. Wannan shafi shi ya fi amfani ga wanda zai gaje shi. A nan ne kuma zai gane wani abu game da kansa. Hausawa sun daɗe suna yi wa Barebari ba'a don suna ce wa mace "shi". Dalili kuwa shi ne Barbarci ba ya raba namiji da mace a nahawu: kalma guda ce, kuma abin dariyar, ita ma shi ake furta ta, ga namiji ga mace. Wanda ya rubuta wannan a kayensa, ya kuma tuna yadda nasa harshen ke sarƙewa a kan harafin nan ǝ da babu shi a Hausa, da wuya ya sake yi wa wani dariya.

Abu na huɗu, al'ada. Wa ake soma gaisarwa, har tsawon wane lokaci, a tsaye ko a durƙushe? Me ake kai wa gidan suna, me ake kai wa gidan rasuwa? Wane ne bulama, ina iyakar maganarsa, ina ta sarkin kanto ta soma? Ta yaya ake raba layin shayar da dabbobi a rijiya? Baƙon da ya ga Babarbare da Bafulatani suna jifan juna da baƙaƙen maganganu a tsakiyar kasuwa yana iya zaton faɗa ne, har ya nemi jandarma, alhali kuwa wasan taubasai ne, al'adar da UNESCO ta sa a jerin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014. A nan akwai ƙa'ida guda: a raba abin da ido ya gani da abin da zuciya ta zata. Shafin dama ga abin da ya faru, na hagu ga fassarar mai kaye. Bayan shekara biyu zai koma ya tarar da na dama yana nan daram, na hagu kuwa rabinsa sai an soke.

Akwai kuma abin da ba ya shiga kaye. Asirin marar lafiya, rigimar cikin gida, maganar da aka yi wa mutum don an amince da shi, waɗannan amana ce. Ma'aikacin gwamnati da aka gani yana rubutu a zauren mutane yana iya tayar da tsoro, domin talakawa ba su manta ba cewa rubutun farko da suka sani na ƙidayar haraji ne. Saboda haka ya nemi izini, ya faɗi dalilinsa, kuma lokaci-lokaci ya karanta wa masu harshen abin da ya rubuta, su gyara masa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. In akwai malamin yaƙi da jahilci a kusa, wanda ya san ƙa'idar rubutun Barbarci, ya kai masa ya duba. In babu, ya rubuta da boko ko da ajami yadda kunnensa ya ba shi. Rubutu mai kuskure ana gyara shi. Wanda ba a yi ba, ba mai gyara shi.

Ba a bukatar dogon lokaci. Layi biyar bayan sallar lisha sun isa. Kalma uku a rana sun haura dubu a shekara, kuma da yayyafi kogi kan cika.

Nauyin da ya hau kan mai jin Hausa

Wannan magana ta ƙara nauyi a ƴan shekarun nan. Tun 1973 aka buɗe lakkal ta gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke soma karatu da harshen gida. Dokar shekarar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda goma, har da Barbarci da Tubanci. A watan Maris na 2025 kuma, kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ya zama harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, ya ambaci sauran a matsayin harsunan da ake magana da su a Nijar. Masu jin Hausa da yawa sun yi murna. Amma girma yana zuwa da kayansa. Kumandan na zamanin mulkin mallaka yakan zauna shekaru a gari bai iya gaisuwar mutanensa ba, sai ta bakin tafinta, kuma tsofaffi sun san irin ɓarnar da aka yi tsakanin bakin kumandan da kunnen talaka. Idan ma'aikaci Bahaushe ya zauna a Kelle yana cewa ai kowa yana jin Hausa, wanda bai ji ba ya nemo mai fassara, to an canza harshe ne kawai, kujerar kumandan tana nan inda take. Matar da ta zo awon ciki daga rugar Tubawa, da yaron Dagira da ya shigo aji ranar farko, ba su san abin da kundi ya ce ba. Abin da suka sani shi ne ko mutumin da ke gabansu ya yi ƙoƙarin jin su.

Ga ɗan kasuwa kuwa, lissafin a fili yake. Wanda ke ciniki ta bakin dillali kaɗai, rabin cinikin ne yake ji. Wanda ya gai da mai raƙumi da harshensa, ya tambayi iyalinsa da dabbobinsa yadda ake tambaya a can, ya sami abin da kuɗi ba sa saye, wato amana, kuma a ƙasar da ake ba da kaya bashi daga kaka zuwa kaka, amana ita ce jari. Da ɗan gari akan ci gari. Ɗansa da zai gaji rumfar zai fi jin daɗin kaye guda mai sunayen rijiyoyi da gaisuwa da al'adun abokan ciniki fiye da buhun sukari goma.

Saura abu guda: ranar tafiya. Idan takardar canjin wuri ta zo, ana miƙa wa sabon ma'aikaci makullai da hatimi da lissafin kujeru da tebura, a sa hannu a gaban kantoma ko wakilinsa. Ba wata doka da ta hana a ɗora kaye a kan waɗannan kaya. Mai tafiya ya riƙe nasa, ya bar kwafi a ofis ko a lakkal, wanda ya zo ya ɗora daga inda aka tsaya. In aka yi haka a asibiti guda da lakkal guda na Kelle har shekara ashirin, za a wayi gari da ƙamus na bakin Dagira da littafin al'adun Kutus wanda ba wata tawaga daga waje da ta taɓa yin irinsa, kuma a wannan karo alƙalamin yana hannun ƴan ƙasa.

Motar Kelle tana nan tana lodi a tashar Gure. Kafin direba ya tayar, akwai mai tebur a bakin tasha, yana sayar da kaye da bik.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.